Littafin da Minista Ya Ƙaddamar, da Wasan da Ya Kai Marubucinsa Kurkuku

A watan Yulin 1977 aka yi bikin ƙaddamar da wani littafin ƙagaggen labari a Nairobi, babban birnin Kenya. Sunan littafin Petals of Blood, marubucinsa kuwa Ngugi wa Thiong'o, shugaban sashen nazarin adabi na Jami'ar Nairobi. Littafi ne da bai raga wa kowa ba. Ya nuna 'yan majalisa da attajirai da malaman coci a matsayin gungun maciya amana da suka gaji kujerun Turawa, suka ci gaba da tatsar talaka daga inda Bature ya tsaya. Labarin ma ya buɗe ne da mutuwar wasu manya uku a cikin gobarar da ake zargin da gangan aka tayar. Wanda ya tsaya gaban jama'a ya ƙaddamar da wannan littafi shi ne Mwai Kibaki, ministan kuɗi na gwamnatin Jomo Kenyatta. Aka yi jawabai, aka tafa, kowa ya kama gabansa.

Ba a cika wata shida ba, ana jajibirin sabuwar shekara, 'yan sanda suka dira gidan Ngugi a Limuru cikin dare, suka tafi da shi. Ba kotu, ba tuhuma. Takardar tsare shi Daniel arap Moi ne ya sa mata hannu, a lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa kuma ministan cikin gida. Aka kai shi kurkukun Kamiti, inda ake ajiye manyan masu laifi, ya yi kusan shekara guda. Abin da ya jawo masa wannan wani wasan kwaikwayo ne da manoma da leburori suka yi a filin ƙauye, a kan dandamalin katako da suka kafa da hannunsu.

To, me ya sa gwamnati ɗaya za ta tura ministanta ya tafa wa littafin da ya kira ta ɓarauniya, sannan ta ɗaure mutumin saboda wasan ƙauye wanda, in aka auna, bai ma kai littafin zafin harshe ba? Duk mai son fahimtar yadda tawaye ga azzalumar hukuma ke aiki a cikin adabi, wannan tambaya ce mai kyau ya fara da ita, don ta fi dogon bayanin malaman jami'a warware zance.

Sai an koma baya kaɗan. Rikicin Kenya rikicin ƙasar noma ne. Turawan Ingila da suka je can da niyyar zama suka je, suka killace tsaunukan tsakiyar ƙasar masu ni'ima, suka ce na farar fata ne kawai. 'Yan ƙabilar Gikuyu da aka kora daga nan suka koma 'yan ƙodago a gonakin kakanninsu. A watan Oktoban 1952 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar ta-ɓaci saboda ƙungiyar da duniya ta sani da Mau Mau, wadda mayaƙanta suka shiga dazuzzuka da bindigogin ƙirar hannu. Turawa fararen hula da aka kashe a duk tsawon yaƙin 32 ne. Alƙaluman gwamnati da kanta sun ce an kashe 'yan tawaye sama da 11,000, an rataye fiye da 1,000, ban da dubban da aka tara a sansanoni ana gana musu azaba. Jagoransu Dedan Kimathi an kama shi a 1956, aka rataye shi a Fabrairun 1957, a Kamitin nan dai.

Amma abin da ya fi ciwo, kuma wanda ya zama tushen duk rubuce-rubucen Ngugi, shi ne yaƙin ya raba Gikuyu gida biyu. Akwai waɗanda suka shiga daji, akwai kuma waɗanda Turawa suka ba bindiga suka zama 'yan sa-kan gwamnati. Ɗan'uwa ya kashe ɗan'uwansa. A garin Lari, kusa da Limuru, a watan Maris na 1953, 'yan Mau Mau suka ƙona gidajen masu goyon bayan gwamnati da mata da yara a ciki, ramuwar gayyar da ta biyo baya kuma ta fi ta farkon muni. Sa'an nan, yayin da mayaƙa ke daji ko a tsare, gwamnati ta sake yanka gonaki ta yi musu rajista, masu biyayya suka samu takardu. Da aka samu 'yanci ranar 12 ga Disamba 1963, gonakin Turawa saye aka yi da bashin Ingila, wanda ke da kuɗi shi ya samu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kenyatta ya ce a yafe, a manta. Ƙungiyar Mau Mau ta ci gaba da zama haramtacciya a dokar ƙasar da ta yi wa yaƙi har zuwa 2003.

Ngugi a cikin wannan ya tashi. An haife shi a 1938 a Kamiriithu. Yayansa ya shiga daji. Wani ɗan'uwansa kurma aka harbe shi saboda bai ji umarnin a tsaya ba. Shi kansa ya dawo hutun farko daga makarantar kwana ya tarar an rushe ƙauyensu, an kwashe mutane zuwa sabon matsuguni mai shinge. Wanda ya ga wannan da idonsa, za a zaci littafinsa na yaƙi zai zama kirari ne ga jarumai. Sai ga shi A Grain of Wheat, wanda ya fito a 1967, ya ɗauki wata hanya dabam. Ana saura kwanaki kaɗan bikin 'yanci, mutanen ƙauye suna shirin karrama wani mutum mai suna Mugo, wanda suke ganin ya jure azabar sansani bai tona asirin kowa ba. Suna kuma neman wanda ya ci amanar jaruminsu Kihika har Turawa suka rataye shi. Mai karatu na tafe yana gane cewa Mugon ne. Ba don kuɗi ya yi ba, ba don son Bature ba. Maraya ne mai son a ƙyale shi ya yi nomansa, Kihika ya faɗo masa ɗaki cikin dare ya ɗora masa nauyin da bai nema ba.

Kihika kansa yana yawo da Littafi Mai Tsarki wanda ya ja layi ƙarƙashin ayoyin Annabi Musa da Fir'auna. Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya taso yana jin ƙissar a makarantar allo ko a coci. Kusan duk labarin tawaye da ya yi tasiri yana jingine ne da wannan: mai iko yana cewa shi ne doka, wani kuma ya miƙe ya ce akwai dokar da ke sama da kai. Takobi da bindiga daga baya suke zuwa. Abin da ke fara rushewa shi ne haƙƙin mai mulki na yanke hukunci. Haka aka gina wasan The Trial of Dedan Kimathi, wanda Ngugi ya rubuta tare da Micere Mugo a 1976, aka kuma kawo shi Legas lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977. Kimathin cikin wasan ba ya musun tuhumar da ake masa. Kotun kanta yake musu: dokar wa, kuma wa ya ba baƙo ikon shari'a a ƙasar da ba tasa ba? Ana ta shiga ɗakinsa na kurkuku ana lallaɓa shi ya amsa laifi a bar shi da rai, yau alƙali, gobe mai banki, jibi ɗan siyasa baƙar fata da malamin coci. Duk wanda ya kalli wasan a Nairobi ya san ba Turawan jiya kaɗai ake nufi ba, don a watan Maris na 1975 aka tsinci gawar J.M. Kariuki a dajin Ngong, ɗan majalisar da ya yi gargaɗin cewa Kenya na neman zama ƙasar attajirai goma da mabarata miliyan goma.

Duk da haka ba a taɓa Ngugi ba. Dalilin a fili yake. Waɗannan ayyuka da Ingilishi aka rubuta su. Petals of Blood littafi ne mai kauri, mai wuyar bi, yana ta kai da komo tsakanin da da yanzu. Wa zai karanta shi? Ɗalibin jami'a, lauya, babban ma'aikaci, wato galibi mutanen da littafin ke zagi ko 'ya'yansu. Matar da ke tsinkar ganyen shayi a gonar wani, wadda dominta aka yi rubutun, ba ta san ya fito ba. Gwamnati ma riba ta ci: ga shaida ga ƙasashen waje cewa a Kenya ana faɗin albarkacin baki.

Abin da ya sauya lissafi a Kamiriithu ya faru. Ngugi ya ba da labarin cewa a 1976 wata mata daga ƙauyen ta riƙa zuwa gidansa ranar Lahadi, tana cewa an ce kana da ilimi kana rubuta littattafai, me zai hana kai da irinka ku ɗan sammana? Akwai wata tsohuwar cibiyar matasa da ta lalace, mutanen gari na son farfaɗo da ita. Aka fara da yaƙi da jahilci, ana koya wa manya karatu da harshen Gikuyu, ƙarƙashin jagorancin Ngugi wa Mirii, wani ma'aikacin jami'ar. Daga nan aka ce a samar musu abin karantawa, kuma abin da za su yi tare. Sai Ngugi biyun suka rubuta wasa da harshen Gikuyu mai suna Ngaahika Ndeenda, wato zan yi aure lokacin da na ga dama.

Labarin mai sauƙi ne, yaro ma zai bi shi. Kiguunda ɗan ƙodago ne a gonar wani attajiri, Ahab Kioi, mai mata Jezebel. Mai sanin Littafi Mai Tsarki zai tuna sarkin nan da matarsa da suka ƙwace gonar inabin talaka. Abin da Kiguunda ya mallaka a duniya eka ɗaya da rabi ce, takardar mallakarta na rataye a bangon ɗakinsa, in ransa ya ɓaci sai ya sauke ta ya ƙura mata ido. Kioi da abokin cinikinsa na son filin don wani kamfanin ƙasar waje ya gina masana'antar maganin ƙwari. Suka zo gidan da wa'azi, suka ce auren gargajiyar da Kiguunda ya yi da matarsa Wangeci zaman zunubi ne, sai an sake ɗaura shi a coci. Su kuma suka zaci ana share fage ne don ɗan Kioi ya auri 'yarsu Gathoni, wadda yake nema. Kiguunda ya jinginar da takardar a banki ya ci bashin biki. Yaron ya yi wa Gathoni ciki ya gudu, aka kori Kiguunda daga aiki, banki ya yi gwanjon filin, Kioi ya saye.

Ba ƙarfin labarin ne abin lura ba, yadda aka gina shi ne. Watanni aka kwashe ana karanta rubutun a fili, ana gwaji a bainar jama'a, duk mai wucewa na iya tsayawa ya sa baki. Farfesan adabi ya zama ɗalibi. Tsofaffi suka riƙa gyara masa magana, suna cewa dattijo ba ya furta abu haka, ga karin maganar da zai yi amfani da ita. Mata suka tuno waƙoƙin da aka haramta tun zamanin Turawa, da rawar da ake yi da su, aka saka a wasan. Ngugi ya ce wasu ma'aikatan masana'antar takalma ta Bata da ke Limuru suka zauna suka yi wa sauran lissafi, suka nuna cewa takalman da suke ƙerawa a yini guda kuɗinsu ya kai albashin wata na dukkan ma'aikatan, don a san inda sauran kwanakin watan ke tafiya. Bindigogin katako da aka riƙe a wasan, waɗanda suka sassaƙa su su ne suka ƙera wa Mau Mau na gaske a shekarun 1950. Mutanen ƙauyen suka gina dandamali da wurin zama mai ɗaukar sama da mutum 2,000, ba rufi, ba labule. Aka hana shan giya a harabar.

A yi tunanin abin da wannan ke nufi a ƙauyen da tsohon ɗan daji da tsohon ɗan sa-kan gwamnati ke haɗuwa a kasuwa ɗaya, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya aikata, an kuma ce kada a tayar da zancen. Ga shi yanzu ana tayar da shi da rana tsaka, da waƙa, da sunan wasa. Mutumin da bai taɓa ɗaga ido gaban mai gona ba yana tsaye gaban dubban jama'a yana faɗin abin da ke cikinsa, an tafa masa, gobe kuma zai sake. Maƙwabcin Kiguunda a wasan, Gicaamba, leburan masana'anta, shi ke bayyana yadda ake cin gumin talaka, kuma mai yin rawar ba ya buƙatar a koya masa, rayuwarsa yake faɗa.

An buɗe wasan ranar 2 ga Oktoban 1977, shekara 25 da watan da aka kafa dokar ta-ɓaci. Mutane suka riƙa zuwa daga nesa, a ƙafa, a bas, a motocin haya da suke kira matatu. Wasu ƙauyuka suka fara aiko da wakilai suna tambayar yadda za su kafa irin wannan cibiya. Ina ganin wannan na ƙarshen ne ya tsorata hukuma fiye da komai. Ranar 16 ga Nuwamba kwamishinan gundumar Kiambu ya janye lasisin taron. Makonni shida bayan haka aka zo aka tafi da Ngugi.

Mu a nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ba da ƙasidun Ingilishi ta girgiza hukumar En'e ba. Da waƙoƙi ta yi, irin na Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, waɗanda ake haddacewa a rera a dandali, mai karatu da marar karatu duk su ɗauka, kuma mutane da yawa sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai da sunan zagin sarauta. Tun kafin su, malaman jihadi sun rubuta hujjojinsu da Larabci don malamai, amma da suka so talaka da makiyayi su ji, waƙa suka yi da Fulatanci da Hausa. A ƙasar Yarbawa kuwa gwamnatin Akintola ta haramta wa Hubert Ogunde wasa a duk Jihar Yamma a 1964 saboda wasansa mai suna Yoruba Ronu. Masu mulki ba su cika karanta littafi ba, amma suna da hancin gane taron da ba su ne suka kira shi ba.

A Kamiti, Ngugi ya yanke shawarar ba zai sake rubuta ƙagaggen labari da Ingilishi ba. Tunda harshen uwarsa ne ya kai shi kurkuku, da shi zai ci gaba. Ba a ba fursuna takarda, sai ya koma ga takardar bayan gida, wadda aka yi ta da kauri da kaushi don a wahalar da fursunoni, ta kuwa yi daidai da alƙalami. A kanta ya rubuta Caitaani Mutharaba-ini, wanda aka fassara daga baya da sunan Devil on the Cross. An taɓa yin binciken ɗakuna aka kwashe rubutun, bayan 'yan makonni babban jami'in kurkukun ya maido masa, ya ce bai ga aibu a ciki ba, sai dai Gikuyun ya yi tsauri. Kenyatta ya rasu a Agustan 1978, Moi ya hau, ya saki fursunonin siyasa a Disamba. Jami'a ba ta mayar da Ngugi bakin aikinsa ba.

Littafin ya fito a 1980, kuma an tsara shi ne don kunne. Wata budurwa, Wariinga, an kore ta daga aiki saboda ta ƙi maigidanta, ta hau matatu zuwa garinsu tare da wasu fasinjoji, kowa da labarinsa. Suka iske ana gasar sata da fashin zamani a cikin wani kogo, manyan ƙasa na hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya suna alfahari da dabarunsu, har wani ya kawo shawarar a riƙa ɗure iska a sayar wa talakawa. Ngugi ya ce an riƙa karanta shi a cikin gidaje, a motocin haya, a lokacin hutun ma'aikata. A mashaya ma aka samu masu karatu na musamman: mutum zai karanta da ƙarfi, in ya zo wurin da labari ya yi daɗi sai ya ajiye littafin ya dubi kofinsa da ya ƙare, masu saurare su yi ta rige-rigen sayo masa wani. Kwafi ɗaya ya zama na mutum ashirin.

A nan ne dole mai nazari ya faɗi gaskiya, ko da za ta ɓata wa masoyan Ngugi rai. In ana maganar gwanintar rubutu da sanin zuciyar ɗan Adam, A Grain of Wheat ya fi duk waɗannan. A can ba a san mai laifi da marar laifi da ganin fuska ba. Maci amana abin tausayi ne, jarumi kuma yana da girman kai. A ayyukan baya kuwa attajiri mugu ne tun daga sunansa har tumbinsa, leburan masana'anta kuma bakinsa ba ya faɗin kuskure. Wariinga ta zama makanikiya, ta ƙare da harbe tsohon attajirin da ya lalata mata ƙuruciya, wanda ya kasance uban saurayinta. Mai karatu zai ji sanyi a ransa, amma bai koyi wani sabon abu game da yadda mutumin kirki ke zama azzalumi ba. Ngugi da kansa ya koma ya gyara A Grain of Wheat a bugun 1986, ya cire wani wuri da ɗan Mau Mau ya yi wa wata Baturiya fyaɗe, ya mayar da shi kashe karenta. Hujjarsa ita ce kada ya maimaita ƙazafin da Turawa suka yi wa mayaƙan. Hujja ce mai ƙarfi, amma ni ina ganin littafin farko ya fi gaskiya, don yaƙin da aka yi Lari a cikinsa ba yaƙin mala'iku ba ne. Wannan ita ce tsaka-mai-wuyar adabin tawaye: wanda ya fi zurfi yakan bar mai karatu cikin tunani shi kaɗai, wanda ke tara jama'a kuma sai ya rage launuka ya bar fari da baƙi. Kuma sau da yawa na biyun ake ɗaure mutum a kansa.

Mutanen Kamiriithu ba su daddara ba. A ƙarshen 1981 suka sake haɗuwa don wani wasan waƙe-waƙe, Maitu Njugira, a kan aikin tilas da takardar shaidar da Turawa ke rataya wa leburori a wuya a shekarun 1920 da 1930. Babu ko kalma ɗaya a kan gwamnatin Moi a ciki. Duk da haka aka hana su babban zauren wasanni na ƙasa. Sai suka koma jami'a suka ce gwaji kawai suke yi, dubban mutane suka riƙa cika wurin suna kallon gwajin, har aka rufe ƙofar. Ranar 12 ga Maris 1982 motoci uku cike da 'yan sanda masu bindiga suka shiga Kamiriithu suka rushe dandamalin. Ngugi wa Mirii ya tsere zuwa Zimbabuwe. Ngugi wa Thiong'o yana Landan a watan Yuni ya samu saƙon cewa kada ya dawo, ya kuwa yi shekara 22 bai taka ƙasarsa ba.

Daga can ya aiko da Matigari a 1986, shi ma da Gikuyu. Wani tsohon mayaƙi ne ya fito daga daji bayan shekaru, ya binne makamansa a gindin bishiya, ya yi ɗamarar zaman lafiya, ya tafi karɓar gidan da ya gina da hannunsa. Ya tarar ɗan Baturen da ya yaƙa da ɗan kukun Baturen sun zama abokan kasuwanci, gidan na hannunsu. Sai ya shiga gari yana tambayar duk wanda ya gamu da shi, daga ɗalibi har malamin coci, inda mutum zai samu gaskiya da adalci a ƙasar nan. Ngugi ya ce labarin ya yaɗu a baki har rahoto ya kai ga hukuma cewa akwai wani mutum mai suna Matigari da ke yawo a tsakiyar Kenya yana wannan tambaya, aka ba da umarnin a kamo shi. Da aka gane ba mutum ba ne, a Fabrairun 1987 'yan sanda suka bi shagunan littattafai da ma'ajiyar kamfanin ɗab'i suka kwashe duk kwafin da suka samu.

Ngugi ya rasu a Amurka a watan Mayun 2025 yana da shekara 87. Kafin nan, a 2022, an sake yin Ngaahika Ndeenda a Kenya bayan fiye da shekara 40, da Gikuyu da kuma Ingilishi, ba wanda ya hana. A babban zauren wasanni na ƙasa da ke Nairobi aka yi shi, ƙwararrun 'yan wasa suka hau, 'yan kallo suka sayi tikiti. Filin Kamiriithu kuwa, tun bayan rushewar gwamnati ta mayar da shi makarantar koyon sana'a.